Majalisar Masu Riƙon Yara a Gyaɗi-Gyaɗi

Da la'asar sakaliya, idan uwargida ta ɗora tukunya, sai ta miƙo min Ummi ta ce mu je mu sha iska. Iskar ba ta wuce bencin mai shayi a wani lungu bayan titin Zariya, inda magidanta irina ke taruwa, kowa da nasa a cinya, a gyara Nijeriya kafin a kira magariba.

Akwai Akanta. Shi ba ruwansa da jam'iyya, da kuɗin famfas yake auna gwamnati. Ka ce masa an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, sai ya ce ya fi ka sani, ai a satin aka yi sunan ɗansa, kuma tun daga lokacin ya daina sayen leda guda, ya koma ɗai-ɗai a shagon unguwa. Da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a 2024, nan take ya raba shi da gwangwanin madara, ya girgiza kai. Na taɓa ganin ya ɗaga yaron, ya shinshina, ya latsa famfas ɗin da yatsa, ya ce, "Wannan zai kai isha'i."

Sai Mai Takwara, wanda ya raɗa wa ɗansa sunan gwaninsa, har da ɗinka masa 'yar hula kalar tafiyar. Bai yi la'akari da cewa 'yan siyasar Kano ba sa daɗewa a inuwa ɗaya ba. Kwankwaso kaɗai ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya dawo a 2018, ya shiga NNPP a 2022, sauran ma ba a bar su a baya ba. Ran da mutumin ya ɓata da gwanin nasa, sai muka ji yana kiran yaron Khalifa.

Sojan Baka kuwa, waya a kunne, shirin siyasar daren jiya yake maimaita mana. An aike shi kemis sayen ruwan gishiri da sukari, yaro na haƙori, ya tsaya rantsuwa kan wane ne sarki tsakanin na Gidan Rumfa da na Nasarawa. Sai da yayar yaron ta zo ta ja masa riga: "Baba, Umma ta ce idan babu ka kawo kuɗin."

Mai Shiru ba ya cewa komai. Barci yake ramawa.

Wadda ta fi mu duka ba ta zama a benci. Hajiya Kaka ce, mai wucewa da jika a goye, a hanyarta ta kasuwar Tarauni. Ta fara jefa ƙuri'a a 1979, ta dangwala wa mabuɗin PRP, kuma a wurinta tun da Malam Aminu ya rasu a 1983 aka rufe siyasa. Da ma'auni ɗaya take auna mu da shugabanni: duk ragwaye ne. Ita da tsumma da kunun gyaɗa ta raini tara. Ta dubi Ummi, ta dube ni, ta ce, "Kai ɗan nan, kana ta kasafin kuɗin Abuja, 'yarka na cin ƙasa." Na duba, wallahi ƙasar take ci.

Ni kuma nawa ra'ayin kan mulkin farar hula ya yi sanyi tun da na zauna a ƙarƙashin Ummi. Ba zaɓenta muka yi ba. Ƙarfe biyun dare take kafa doka, ta ƙwace wayata, ta hana taron mutum biyu a ɗaki. Jiya na yi mata jawabi mai tsawo a kan amfanin koko, ta saurara har ƙarshe, sannan ta kifar da kofin a kan shaddar Juma'ata, ta tafa wa kanta.