Dainoso Ya Ci Mutane, Mutane Sun Koma Neman Ƙari

A shekarar 1993 Steven Spielberg ya fito da fim ɗin Jurassic Park, ya nuna wa duniya abin da ke faruwa idan attajiri ya rasa inda zai kai kuɗinsa. Attajirin, John Hammond, dattijo mai farin gemu da sandar dogarawa, ya samu tsibirin Isla Nublar a gefen Kosta Rika. Ya tara masana suka zaƙulo jinin dainoso daga cikin sauron da ya maƙale a daskararren ƙaro tun shekaru miliyoyi, inda aka samu giɓi suka cike da na kwaɗo. Da dabbobin suka girma suka cika daji, sai ya gayyato wasu masanan su zo su ba shi shawara. Kowa ya san irin wannan gayyatar. An gama gini, an yi fenti, an buga kalanda, sannan a kira ka a ce ana son jin ra'ayinka. Ian Malcolm, masanin lissafi mai baƙaƙen kaya, ya ce abin nan ba zai ƙare lafiya ba. Aka zuba masa abinci, aka ci gaba da hira.

Ba wani ƙaton dodo ne ya fara rushe wurin ba. Dennis Nedry ne, ma'aikacin kwamfuta da ya daɗe yana ƙorafin kuɗin aikinsa. Maigida yana ta alfaharin bai yi ƙyashin kashe kuɗi a kan shinge da motoci da askirim ba, amma mutumin da makullin wurin gaba ɗaya ke hannunsa an bar shi yana guna-guni. Ya karɓi cin hanci, ya kashe wutar shinge. Su a can, ɗauke wuta sau ɗaya ya isa a yi fim na awa biyu. Lauyan kamfani, wanda ɗazu yake lissafin kuɗin tikiti, ya bar yara biyu a mota ya ruga banɗaki, ƙaton dainoson nan T-Rex ya bi shi ya tsince shi a kan masai.

Gwanintar fim ɗin farko rowa ce. A cikin awa biyu da 'yan mintoci, lokacin da ake ganin dainoso bai fi kusan minti 15 ba. Sauran duk jira ne. Ga kofin ruwa a gaban mota, ruwan yana rawa a hankali, kana jin dum, dum daga nesa, ba ka ga kowa ba. Ga akuyar da aka ɗaure ɗazu, yanzu sai sarƙa tana lilo. Kafin dodon ya leƙo, mai kallo ya riga ya naɗe ƙafafunsa a kan kujera. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 900, ya ci kyautar Oscar uku.

To, wanda ya ga dala miliyan 900 ba ya rubuta “tamat”. Michael Crichton, marubucin littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, ya riga ya kashe Malcolm a littafinsa na 1990. Da aka ga 'yan kallo na son mutumin, sai ga shi a littafi na biyu a 1995 yana yawo da ƙafafunsa. Kasuwa ta kira, mamaci ya amsa.

A 1997 The Lost World ya fito. Ashe akwai tsibiri na biyu, Isla Sorna, wanda duk tsawon fim ɗin farko ba wanda ya tuna ya ambata. Hammond ya tuba ya koma mai kare haƙƙin dabbobi, kamfaninsa na InGen kuma ya faɗa hannun ɗan ɗan'uwansa, Peter Ludlow. Wannan magaji ya zauna ya yi nazarin abin da ya kai dattijo ƙasa, ya gano cewa matsalar ita ce nisa: maimakon a kai mutane wurin dainoso, a kawo dainoso cikin birnin San Diego. Malcolm, da ya rantse ba shi ba tsibiri, ya ji budurwarsa Sarah Harding ta riga ta tafi, sai ya haɗa kaya. 'Yarsa Kelly ta ɓuya a motar kaya ta bi shi.

Sarah ɗin nan ita ce gwanata. Masaniyar halayyar namun daji ce, an ce har da zakuna ta zauna. Tana isa ta shafa kan jaririn dainoso, iyayensa suka kusa hallaka ta, tana tsira ta juyo ta yi wa abokan tafiya lacca cewa kallo aka zo yi, kada kowa ya taɓa komai. Can kuma ita da Nick mai ɗaukar hoto suka shigar da ɗan T-Rex mai karyayyar ƙafa cikin motar da suke kwana domin yi masa ɗori, yana ta tsala ihu cikin dare. Uwa da uba suka zo biko, aka miƙa musu ɗansu, suka tafi, suka dawo suka tura motar bakin kwazazzabo. A nan dai dole a sara wa Spielberg: Sarah kwance a kan gilashi, teku a can ƙasa, gilashin yana tsagewa kaɗan-kaɗan ƙarƙashin tafin hannunta. Eddie Carr, bawan Allah ɗaya tilo da ke aiki tuƙuru don ceton kowa, shi dodannin biyu suka raba tsakaninsu. Ita kuwa masaniya ta ci gaba da yawo a daji da riga mai jinin jaririn, ga dodo mai hancin tsiya a bayanta.

Daga nan abin ya zama a zuba kawai. Kelly ta yi wasan lilo a jikin ƙarfe ta harbe wani dainoso da ake kira rafto ta taga. Jirgin ruwan da ya ɗauko T-Rex ya daki tashar San Diego, ma'aikatansa duk an cinye su, alhali dodon yana rufe a cikin ɗakin kaya. Wa ya ci su, fim bai ga dalilin faɗa ba. T-Rex ya shiga unguwa ya sha ruwan kwamin wanka, ya haɗa da karen gidan. Mai hankali ɗaya a tafiyar shi ne maharbi Roland Tembo, wanda da aka yi masa tayin aiki na dindindin ya ce a kai kasuwa, ya kama gabansa.

Fim na biyu ɗumame ne aka ƙara wa nama: ya fi na jiya yawan tsoka, amma kowa ya san tuwon jiya ne. Dainoso sun fi yawa, gawa ta fi yawa, tsoro ya ragu. Duk da haka ya tara sama da dala miliyan 600, kuma daga aljihun masu cewa “na ɗaya ya fi” kuɗin suka fito. Muna yi wa Ludlow dariya don bai daddara ba, mu kuma aka kira mu a 2001 muka je, aka kira mu a 2015 muka je. A na 2015 ɗin, Jurassic World, kan tsibirin farko aka sake buɗe gidan kallon, da ƙarin shaguna, ya tara fiye da dala biliyan ɗaya da rabi. Aka ƙara a 2018, da 2022, da 2025.

Mu da Kannywood ta yaye da “mu haɗu a kashi na biyu” ba mu da bakin magana. A kowace majalisa akwai gwanin nan da zai tafa hannu ya ce wallahi tun daga na ɗaya Turawan nan ba su sake yin fim ba, sauran duk cin kuɗin mutane ne. Zai lissafo maka kurakuran kowane kashi dalla-dalla, har da minti na nawa, domin duk ya kalle su, wasu ma sau biyu. Idan ya gama sai ya sassauta murya ya dubi na kusa da shi:

“Kai Malam, an ce kana da sabon a wayarka. Tura min mana, in ga irin shirmen da suka yi wannan karon.”