Ja Layin Nan, Ba Tawadarka Ba Ce

Na san abin da za ku ce, Sakkwatawa. "Malam, shinkafa ta yi tsada, wuta ba ta zama, kai kuma ka taso muna da zancen layi ƙarƙashin kalma?" Na ji. Ku dai gyara zama.

Zancen linki nake, wato kalmar nan da ake dannawa a shafin intanet ta kai mutum wani shafin. A da ba ta ɓuya: shuɗiya ce, da layi a ƙarƙashinta, haka manhajar Mosaic ta yaɗa ta tun 1993. Sai ga samarinmu masu ƙera shafuka sun ce layin nan ƙauyanci ne. Suka share shi, suka mai da kalmar ruwan toka-toka a cikin baƙin rubutu, wai gayu.

To, ɗan gayu, zo mu fita unguwar Mabera da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Ga yarinya tana neman inda za ta danna ta buga takardar shiga makaranta. Gilashin wayar ya tsage, ta rage hasken don caji ya kusa ƙarewa, ta kare rana da gefen hijabinta tana lalube da yatsa, data na tafiya. Idonta lafiya lau. Ina ga baban da ya bar tabarau a gida?

"Ai na sa launi," in ji ka. Sannu da ƙoƙari. Akwai mutanen da ja da kore duk ɗaya suke a idonsu, kuma maza sun fi yawa a cikinsu. A Turai ana ƙiyasta namiji 1 cikin 12. Shi ya sa ƙa'idojin WCAG 2.0, waɗanda ƙungiyar W3C ta fitar a 2008, suka hana a dogara da launi kaɗai. Suka kuma ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1. In ka nace ba ka son layi, to linkin ya bambanta da rubutun da ke kewaye da shi da 3 bisa 1, sannan ka ƙara wata alama. Ka ga jan layin ya fi araha.

Kada ma wani ya ce min bidi'ar Turawa ce, a garin Shehu. Ku leƙa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, ko ku buɗe Alƙur'ani rubutun hannu na kakanninku: baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ɗorawa, kowanne da siffarsa da mazauninsa. Marubucin bai bar almajiri ya yi canki-canki ba. Jikansa ne da kwamfuta ya ɓoye ƙofa.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne sarkin "danna nan". Makaho, irin ɗaliban makarantar A. A. Raji, da kunne yake karanta waya: TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone. Yana iya tsallakawa daga linki zuwa linki don ya gaggauta. Me zai ji a shafinka? Danna nan. Danna nan. Danna nan. Ina ne nan, Alhaji? Rubuta "jerin sunayen waɗanda aka ɗauka", hannunka ba zai karye ba. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci ma Shugaba Buhari ya sa mata hannu tun Janairun 2019, ko da yake na san doka ba ta cika hana ku barci ba.

Mai gardama ya shiga saitin wayarsa yau, ya mai da allon fari da baƙi, ya buɗe shafin da ya ƙera, ya miƙa wa baffansa ya ce ya nemo inda ake biyan kuɗi. In baffa ya gano kafin shayi ya huce, kuɗin shayin a kaina.