Ƙasan Hoto, Fagen Fama

Yanzu ɗaukar hoto ba wuya. Waya ce ke daidaita haske, ta share ƙuraje, ta mai da baƙi wankan tarwaɗa ba tare da ya shafa komai ba. Inda ake gumi shi ne ɗan filin nan na ƙasan hoto. A nan za ka ga magidanci mai 'ya'ya bakwai ya ƙura wa waya ido, ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa, tuwo yana hucewa a gabansa.

Ba Facebook ce ta koya wa Bahaushe wannan sana'a ba. Tun kafin a ƙirƙiro ta a 2004 direbobin manyan motoci ke aika wa maƙiyansu saƙo a goshin mota da bayanta, 'yan A Daidaita Sahu kuma suka gaje su. Abin da waya ta ƙara shi ne ta raba wa kowa bayan mota kyauta. Kuma ba kasafai rubutun ke magana a kan hoton ba. Hoton na kowa ne, rubutun kuwa akwai wanda ake yi da shi.

Uwar ɗakin wannan fage ita ce Hajiya Mai Habaici. Ta yi wanka, ta ɗaura sabon leshi, ta tsaya gaban labulen da ya fi kyau a gidan. Kana jiran ka karanta "Barka da Juma'a", sai ka ga: "Hassada ga mai rabo taki ce. Masu jiran mu faɗi, ku nemi kujera." Ba ta taɓa kama suna ba, ba ta ma bukata. Kishiya ta san da ita ake, ƙanwar miji ta san da ita ake, facala ma haka, har wata baiwar Allah da suka yi makarantar kwana tare, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ita ma ta tsargu. In ka kuskura ka ce, "Hajiya, lafiya kuwa?" amsa a shirye take: "Lafiya ƙalau, rubutun ne kawai ya burge ni." Tun da WhatsApp ta fito da sitatus mai ɓacewa bayan awa 24 a 2017 kasuwarta ta buɗe, domin yana jero mata sunayen waɗanda suka leƙa. Ba ta runtsawa sai ta ga sunan wadda aka yi dominta. Ita kuma waccan ta kashe alamar karantawa tana kallo a ɓoye, da gari ya waye ta mayar da martani da nata leshin. A shekara ana wannan yaƙi, kuma in sun haɗu a gidan suna har rungumar juna suke yi.

Sai Ustazun Hoto. Shadda ta sha bugu tana ƙyalli, hula zanna bukar, an turo agogo gaba don kada kyamara ta manta da shi, ya jingina da motar da maigadin wurin ne kaɗai ya san mai ita. A ƙasa: "Duniya ba matabbata ba ce, 'yan'uwa." Gaskiya ya faɗa, ba mai ja. Sai dai da wuya ya tuna da lahira ranar da ya sa tsohuwar riga. Ƙaninsa shi ne mai ɗaure ka da jijiyar wuya: "Kada ka wuce ba ka rubuta Amin ba." Kai da ka shigo duba yadda aka tashi ƙwallon jiya, ga ka a tsaka mai wuya. In ka rubuta, ka san laik ake farauta da kai. In ka wuce, zuciya ta yi ta sukarka har la'asar.

Akwai Mai Ja Mana Rai. Fasfo da tikiti a kan cinya a filin jirgin Malam Aminu Kano, an danne sunan garin da babban yatsa: "Sai mun dawo." Jama'a su yi ta "Allah ya tsare hanya", "Ina zuwa haka?", shi kuwa ya yi gum. Abuja za shi, jibi ya dawo. Wani lokaci biro ne a kan takarda, da "Wani babban abu na nan tafe." Tun kafin korona yake tafe. Amarya ma 'yar gidansu ce: ta sa hoton ango, ta manna masa fure a fuska, ta rubuta "Nawa ni kaɗai." Mu dai mun ga hula da kunne ɗaya, Allah ya ba da zaman lafiya.

Mai Dogon Zango kuwa hoton kofin shayi zai sa, da burodi. Kana taɓa wurin ƙarin bayani sai rubutu ya zubo: tarihin mai shayin, tsadar sukari, cire tallafin fetur a 2023, lalacewar tarbiyya, da nasihar da kakansa ya yi masa yana yaro. Instagram ta ba da haruffa 2,200, shi a ganinsa rowa ce, sai ya ƙarasa a wurin sharhi. Twitter ta fara da 140, ta ninka zuwa 280 a 2017, duk bai ishe shi sallama ba. Da gwamnatin Najeriya ta rufe ta daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, iyalinsa ne suka ji jiki, don su aka riƙa karanta wa bayan isha'i.

Ɗan Data ba nishaɗi ya kawo shi ba, abincinsa ke nan. Jikan sojojin baka ne na gidajen rediyon Kano, kuma duk motsin da maigidansa ya yi, yana da take a aljihu. Jagora ya duba agogo: "Shugaba mai mutunta lokaci." Jagora ya yi hamma a taro: "Ba ya barci saboda talakawa." Jagora ya sha ruwan leda: "Sauƙin kai gado ne." Ranar da alat ya daina shigowa, wannan hoton hammar zai dawo da sabon take: "Wai wannan ne zai riƙe mana jiha?" Ni ba na raina shi. Wanda ya iya fitar da yabo da zambo daga hamma ɗaya, marubuci ne ko an ƙi ko an so.

Amma wanda ya fi kowa sanin kan na'urar shi ne Mai Kunna Wuta. Ya gane cewa manhajojin nan ba ruwansu da bambancin yabo da zagi. Abin da suke ƙirgawa shi ne mutum nawa suka tsaya, nawa suka tanka, kuma rubutun da aka fi cacar baki a ƙarƙashinsa shi ake ƙara turawa gaban jama'a. Sai ya sa hoton ƙwaryar fura da nono ya rubuta, "Tsakani da Allah yogot ya fi wannan." Ya ajiye waya ya tafi masallaci. Kafin ya dawo Fulani sun iso, Barebari sun biyo sawunsu don tsokana, wani Bazazzagi ya yaɓa wa Kanawa magana ba gaira ba dalili, an bar fura an koma kan wanda ya ci wani da yaƙi. Wasan barkwancin da kakanni suka bari don a zauna lafiya, shi da shi yake tara mabiya. Kuma furar yake sha kullum.

Na bar 'Yar Kasuwa a ƙarshe don da ita nake da ƙorafi. Ta iya baki, wannan ba gardama. Atamfar da ta saro a Kantin Kwari da hantsi, kafin azahar ta zama "sabuwar sauka, ba gama-gari ba". Kowace mai kallo "Hajjaju" ce ko "matar manya", ko da ɗaliba ce mai lilo da bashin data. Turaren wutarta "mai sa maigida ya manta hanyar majalisa" ne. "Saura guda biyu" take rubutawa tun kafin azumi, ga shi an yi Babbar Salla biyun nan ba su ƙare ba. Komai tana faɗa: launi, yawan yadi, yadda ake turawa Maraɗi da Damagaram da Kumasi. Abu ɗaya ne ba ya fita daga bakinta. Mutum talatin sun tambaya "Nawa?", dukkansu amsa ɗaya suka samu, har da mu masu gemu: "Hajiya, duba DM." Ka shiga, a fara tambayarka daga wane gari kake, wato ana auna aljihunka kafin a yanka maka. A Kwari ko ba komai za ka taya, a ce albarka, ka juya kamar za ka tafi a kira ka. Nan kuwa sai ka gaisa, ka tambayi yara, ka jira har magariba, sannan a faɗi kuɗin da zai sa ka ce "bari in yi shawara", ku rabu kowa ya san ba shawarar da za a yi.

Hajiya, don girman Allah, ki riƙa rubuta kuɗin a ƙasan hoton.