Lada da Bulala a Ƙofar 'Yandaka

Ta Ƙofar 'Yandaka Gwamna Lugga ya shiga Katsina a 1903, daga baya albashin wata da rajistar sa hannu da takardar tuhuma suka biyo sawunsa. Har yau duk mai yara a ƙarƙashinsa a wannan yanki, gareji ne ko shagon ɗinki ko ofis, da abu biyu yake taƙama: ihsani da horo. Yaran kuwa tuni suka haddace shi.

Akwai Sarkin Sammako. Tunda aka ce za a yanke kuɗin mai makara, bai ƙara makara ba. Ƙarfe takwas saura ya sa hannu, ya rataye babbar riga a kujera don ta riƙe masa wuri, ya zame wajen mai shayi sai azahar. Kakanninsa a wannan fanni su ne ma'aikatan 1984, lokacin da gwamnatin Buhari da Idiyagbon ke yaƙi da rashin ɗa'a, sojoji na sa makararru tsallen kwaɗo. An koyi zuwa da wuri. Aikin dai ba a sa shi a rajista ba.

Na Goro shi ba ya jin kira sai ya ji motsin aljihu. Tela ne da aka ce za a biya shi a kan kowace riga gab da Sallah, ya ɗinka goma a dare guda, uku hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kada a raina shi, yana da 'yan'uwa a Amurka: a 2016 aka ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan ma'aikatansa sun buɗe asusun bogi da sunan jama'a don cika adadin da aka ɗora musu.

Sai Ɗan Gaban Goshi, wanda sana'arsa "ranka ya daɗe" da kai rahoto. Kyautar gwarzon shekara tasa ce tun kafin shekarar ta kama.

Gagarau kuwa tsawa ta zame masa ruwan sha. A zage shi, ya ce "Allah ya huci zuciyar maigida," gobe ya maimaita. Ya san ƙanen uwargida ba ya koruwa.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne Shiru-Shiru, mai buɗe shago da rufe shi, mai gyara ɓarnar Na Goro. Ba a taɓa tuhumarsa ba, don haka ba a taɓa tunawa da shi ba. Ladansa ƙarin aiki, da "Allah ya yi albarka."

Shi kansa maigida na cikin jerin. Horonsa nan take ne, ihsaninsa kuwa "sai kasuwa ta buɗe." Gwamnatin tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma yaron gareji har yanzu kuɗin abincin rana yake jira.