Direbobin Umbadda a Inda Hanya Ta Tsuke

Mutumin Sudan in ƙafarsa na ƙasa, da wuya ka sami mai ladabi irinsa. Zai dafa kafaɗarka, ya yi ta tambayar lafiyarka da ta iyali har ka rasa amsa, ya rantse sai ka sha shayi. Da azumi ma fitowa yake bakin titi ya tare motar baƙo, ya ce sai an sauko an sha ruwa. To, ɗora shi a kan sitiyari, ka toshe masa rabin hanya tsakanin Kasuwar Libiya ta Umbadda da tsakiyar Omdurman, ka koma gefe ka sha kallo.

Abin toshe hanya kuwa ba ya wuya. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ruwa kan kwanta ya cinye hannu guda. Bayan juyin mulkin Oktoban 2021 har kwantenoni aka riƙa girkewa a bakin gadoji ranakun zanga-zanga, kuma tun da gadar Shambat ta karye a Nuwamban 2023, ana tsakiyar yaƙi, masu tsallaka Nilu suka rasa ƙofa guda. Ko ma mene ne sanadi, dole layi biyu ya koma ɗaya, kuma a ganina duk rigimar a ido take. Wanda kuka haɗa ido da shi ba ya iya hana ka shiga, kunya ba za ta bar shi ba. Shi ya sa rabin direbobi ke farautar ido, rabin kuma na ɓoye nasu.

Shugaban masu ɓoyo shi ne mai sandararren wuya. Ya manna bambarsa da ta motar gaba, ko allura ba ta ratsawa, ya ƙura wa gaba ido ya sha mur. Ka kunna sigina, ka ɗaga hannu, ka ƙwala masa "ya zol!", wato "kai malam!", ya yi kunnen uwar shegu. Nan take zai tuna rediyonsa na son gyara. Amma in tsautsayi ya sa ya waiwayo, shi ke nan ta ƙare masa: murmushi zai suɓuce, hannu ya miƙe da kansa, ka ji "itfaddal", wato "bismillah", ka wuce ka bar shi yana cizon yatsa. Ƙanensa mai baƙin gilashi ya huta da wannan wahala, tunda babu mai ganin idonsa.

Maganinsu shi ne Alhaji mai sallama, da farar jallabiya da rawani kamar an kifa masa faifai uku. Ba ya danna hon. Zai sauke gilashi a natse, ya tattara yatsu biyar ya ɗaga sama alamar a dakata, ya dafa ƙirji, ya ce, "Sannu ɗana, Allah ya yi maka albarka." Kana cewa amin, hancin motarsa ya riga ya shige. Wa zai yi jayayya da mai sa masa albarka?

Sai mai gaskiya, wanda ya fi kowa shan wahala. Tun daga nesa ya hango an toshe, ya bi layi, ya yi rabin awa yana tafasa cikin rana. Wannan haƙuri ya sa ya naɗa kansa alƙali. Da ya hangi wani a madubi yana tahowa ta hannun da ba kowa, sai ya karkato motarsa ya hau kan layi biyu, shi bai wuce ba, bai bari an wuce ba. Abin da zai ƙona masa rai in ya ji shi ne, a Jamus tun 2001 doka ta ba abokin gabar tasa gaskiya: a yi amfani da hannu biyun har bakin shingen, sannan a shiga ɗaya daga nan ɗaya daga can, don kada kwalta ta zauna a banza layi kuma ya yi tsawo. Sai dai Bajamushe a kan kwalta yake tsayawa. Na Umbadda in ya tashi, layi na uku zai buɗe a kan yashi, na bayansa ya buɗe na huɗu ta gaban mai shayi, ta janye kujerunta tana Allah ya isa cikin ƙura. Akwai ma wanda zai faɗa hannun masu tahowa gaba-gaɗi. Sudan ta bar tuƙin hagu ta koma dama a 1973, shekara guda bayan Nijeriya, amma shi har yau saƙon bai iske shi ba.

Ɗan raksha, wato adaidaita sahun Kano, bai san wani abu wai shi layi ba. Duk inda tayar gaba ta shiga, a lissafinsa sauran biyun ma za su shiga. Ba sa shiga. Direban hafila, wato bas ɗin haya, kuwa ba ya roƙo da bakinsa, yana da wakili: kumsari, yaron motar da ke rataye a ƙofa, kuɗi nannaɗe a tsakanin yatsu, yana dukan jikin mota yana ciniki da na kusa. Da ƙyar za a ba su hanya, suna kaiwa daidai maƙogwaron wurin sai wata fasinja ta ƙyasta yatsa za ta sauka. Direba ya taka burki. Mai karo, amalanken jaki ɗauke da gangar ruwa, shi kaɗai ne hon ba ya yi wa komai, jakin ma haka.

Kada in manta da masanin lungu, galibi mai Amjad ne, 'yar ƙaramar motar hayar nan. Zai ce wa fasinja, "Bar su, na san wata hanya," ya kutsa cikin unguwa, motoci biyar su bi shi a kan amana. Kwana biyu za a sha, a ta uku a ci karo da rumfar biki ta cika titi daga bango zuwa bango. Haka za su fito da baya da baya, su dawo su nemi a sa su a layin da suka raina.

In abin ya cakuɗe, ɗan sanda mai fararen kaya bai iso ba, sai ɗan sa-kai ya bayyana. Zai fito daga motarsa, ya tattare jallabiya, ya tsaya a tsakiya yana ba da hannu, wannan ya tsaya, wancan ya wuce. Abin mamaki, kowa na bin umarninsa, har mai sandararren wuya, domin yanzu ga mutum a tsaye yana kallon ƙwayar idonsa. Cikin 'yan mintoci hanya ta fara numfashi, ana ta yi masa godiya ta taga. Sai an jima a lura hannun da motarsa take ya fi samun rabo. Ana isowa kanta zai ruga ya faɗa ciki, ya ɗaga wa jama'a hannu ya ƙara gaba, raksha biyu da hafila su rufa a gurbin da ya bari.