Famfon Alhaji Da Ya Juya Wa Gona Baya

Manoman rani na bakin kogin Usuma a Gwagwalada sun saba da injin fetur mai tiyo. Wani Alhaji da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya ce shi ya wuce nan. Ya karanta labarin famfon da ake dangantawa da Arkimidis, masanin Girka na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda Misirawa suka daɗe suna ɗibar ruwan Nilu da shi, kuma har gobe irinsa ke kwashe ruwa a Kinderdijk ta ƙasar Holan. Sai ya sa mai walda ya ƙera masa: ƙaton sukuru kwance cikin kwararo, a jingine kamar digiri 30, gindinsa a ruwa. In ya juya, kowane lanƙwasa ya ɗauki ruwa ya miƙa wa na sama.

Tumatir ya yi kyau, Alhaji ya shiga raina maƙwabta.

Ranar da aka sauya janaretan da ke ba famfon wuta, famfo ya yi ta juyi, amma ko ɗigo bai hau ba. Makanike ya zo, ya bi cututtukan da aka san irin wannan famfo da su. Ya warware leda da ciyawar da suka nannaɗe gindin. Ya ɗura giris a boris ɗin ƙasa, wanda ke kwana cikin ruwa. Ya auna ratar da ke tsakanin sukuru da kwararo, don in yashi ya cinye ƙarfen, ruwa sulalewa yake yi baya. Ya karɓi kuɗinsa tsaf. Shiru.

Mai gadi ya ce aikin mutanen ruwa ne, har an fara tambayar kuɗin baƙin bunsuru.

Sai wani yaro mai tallar rake ya leƙa ya ce, "Baba, da can ba haka yake juyawa ba." Ashe motar lantarkin da ke juya famfon mai wayoyin wuta uku ce, in aka musanya biyu sai ta juya baibai. Tun safe Alhaji ke ƙona man dizal yana tura wa Usuma ruwanta.

Aka mayar da wayoyi, ruwa ya hau. Alhaji ya saye raken yaron kaf, bisa sharaɗin kada maƙwabta su ji. Kafin la'asar, har a tasha ana kiransa Mai Ban Ruwan Kogi.