Su Wane da Wane a Taron Bita

Idan ka ga an rataya ƙyalle mai dogon Turanci a ƙofar wani zauren taro a Gumel, motoci masu lambar gwamnati sun yi layi daga Dutse, to taron bita ne. Taken da ke tashe yanzu shi ne tattalin arzikin da zai sa walwalar jama'a a gaba, da shugabanci nagari mai ɗorewa. Kakata, Allah ya jiƙanta, da kalma biyu take gama wannan zance: rufin asiri. Na halarci irin tarukan nan har jakunkunan rabo sun cika min ƙarƙashin gado, kuma na lura take ne kawai ke sauyawa, mutanen su ne dai na jiya.

Wanda ke riga kowa zuwa shi ne Ɗan Rajista. Tun ba a gama share zaure ba yana tsaye, bironsa a aljihun gaba. Bai san abin da za a tattauna ba, bai kuma tambaya ba. Tambayarsa ɗaya ce, cikin raɗa: "Yallaɓai, ambulan ne ko alat?" In aka ce ambulan, fuskarsa ta washe. In aka ce alat, sai ya rubuta lambar asusunsa sau biyu, ya ja mata layi. Yakan sa hannu wa kansa, ya sauya biro ya sa wa ƙanensa da ke gona a Sule Tankarkar. Ni ban cika ganin laifinsa ba, domin tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin achaba ya daina zama abin wasa. Kuma a duk zauren shi kaɗai ne walwalarsa za ta ƙaru a ranar, ƙarin da za a iya ƙirgawa da yatsa.

An sa taro ƙarfe goma, sha biyu da rabi sai ga Wakilin Babban Baƙo. Babban baƙon kansa wani muhimmin aiki ya riƙe shi, kamar kullum. Wakili zai yi minti ashirin yana jera gaisuwa, ya yi biyar yana karanta jawabin da a mota ya fara ganinsa, sannan ya nemi uzuri. Rabin babban tebur su bi shi, har da lemon kwalba.

Daga nan fili na Dakta ne, mai kwamfuta da majigi. Mutumin kirki ne, kuma ya yi karatu. Zai kai ka ƙasar Butan da ke tsaunukan Himalaya, inda gwamnati ke auna farin cikin jama'a, ya wuce da kai Niyu Zilan da ta yi kasafin walwala a 2019. Zai nuna alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2019, da suka ce kashi 87 cikin ɗari na mutanen Jigawa na cikin talauci, ya ɗan dakata don a girgiza. Ba wanda ya girgiza, kashi 87 ɗin ne ke zaune a gabansa suna fifita da takardar jadawali. Abin da ke ba ni mamaki, Dakta ya san Butan ciki da bai, amma bai taɓa ambata cewa a nan Jigawa, zamanin Sule Lamido, an fara biyan naƙasassu naira dubu 7 duk wata ba, ko Taron Talakawa da aka yi a Dutse a 2008, inda talaka ya riƙe lasifika manya suka saurara. Na gida ba ya ƙamshi.

Kusa da shi Tafinta na tsaye, shi ne gwanina. Dakta ya yi minti biyar yana zuba Turanci, Tafinta ya gyara hula ya ce: "Jama'a, ya ce a ƙara haƙuri." Wata rana ya yi ta kokawa da kalmar ɗorewa, ya ce abu ne da kai za ka fara, ɗanka ya gada, jikanka ma ya tarar. Wani dattijo daga baya ya ce: "To, bashi ke nan."

Akwai Mai Tsokaci. Da an ce a yi tambaya hannunsa na sama. "Tawa ba tambaya ba ce, ɗan tsokaci ne." Tsokacin zai faro daga shekarar da ya shiga firamare, ya biyo ta muƙaman da ya riƙe, ya tsaya a wanda aka hana shi. Sai an kashe masa lasifika, ya ci gaba da baki.

Mai Ƙungiya a Jaka kuwa ofishinsa na rataye a kafaɗarsa: hatimi, takarda mai tambari, da jerin sunayen mambobi waɗanda duk 'yan gidansu ne. Yau shugaban matasa ne, gobe na manoman riɗi, jibi na masu yaƙi da kwararowar hamada. Ya taɓa dasa maina guda ɗaya, ya yi mata hoto ta fuska bakwai ya zuba a Facebook. Akuya ta cinye ta kafin la'asar, amma hoton na nan yana ci masa abinci.

Mai Barci ba ruwansa da kowa. Bayan shinkafa yakan sunkuyar da kai kamar mai zurfin tunani, ya farka daidai lokacin tafi.

Wanda na fi so a ba dama shi ne Alhajin Kara, dillalin dabbobi daga Maigatari, da aka gayyato a matsayin mai ruwa da tsaki. Wayoyinsa biyu, ɗaya layin Nijar, kuma babu wadda ya san yadda ake rufe mata baki. Masu shirya taro sun sa shi ranar Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, shi ya sa jikinsa ke zaure hankalinsa na kara. Dakta na bayanin ma'aunin arzikin ƙasa, shi yana toshe baki da hannu yana cewa: "Kar ka sallama, in bai ƙara ashirin ba a mayar da bijimin turke." Da aka matsa masa ya yi magana, ya ce shi ma'auninsa ba wuya. In tireloli sun yi lodi sun nufi Kudu, to mai fura ta yi ciniki, mai igiya ya sayar, yaran lodi sun koma gida da cefane. Ya ce an rufe iyaka a Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka buɗe, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris 2024, kuma duk biyun ba a kira taron bita an tambaye su ba. Ya zauna. Ba a sa wannan a takardar bayan taro ba, don tun daren jiya aka buga ta.

A can layin baya akwai mutum biyu da ba a taɓa rasa irinsu ba. Wani manomi daga Gagarawa da takarda naɗe a leda, yana so ya yi tambaya kan gonakin da aka karɓa aka ware don noman rake. Da wata Inna mai ƙuli-ƙuli, uwar adashin unguwarsu, wadda ta aurar da 'ya'ya uku da kuɗin zubi ba ta taɓa ganin majigi ba sai yau. Robar shinkafarta ba ta buɗe ba, ta ƙulle ta a gefen mayafi saboda jikoki. Duk biyun sun ɗaga hannu tun kafin azahar. Mai gabatarwa ya dubi agogo ya ce: "Baba, Inna, a yi mana afuwa, lokaci ya ƙure, za a yi hoto."

Saura mutum ɗaya, mai zama a gefe da ɗan littafi yana rubuta aibin kowa. Ni ke nan. Kada mai karatu ya ɗauka na fita zakka: na bi layi bayan Ɗan Rajista, har bironsa na ara. Alat ya shigo bayan sati uku, an cire naira hamsin.